Famfon pisin na yoyo: a canza garnitir, a gyara moter, ko a sayi sabo?

Ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashin famfon pisin, wato wurin ninkaya, daidai inda moter ya haɗu da jikin roba. Ka kira mutum biyu, kowa ya zo da tasa. Wannan ya ce a canza garnitir kawai, wato zobban da ke hana ruwa fita ta wurin moter, aikin awa ɗaya ne. Wancan ya ce famfon ya gaji, gara a sayi sabo a huta. Wani ma zai ce ya san na hannu a Katako, mai lafiya, a rabin kuɗi. Ni da nake wannan aiki a gidaje da otel-otel na Yamai, ra'ayina a fili yake: yawancin famfunan da ake yarwa saboda yoyo ba su mutu ba, ɗan ƙaramin abu ne ya ci a cikinsu. Amma akwai famfon da zuba masa kuɗi asara ce tsantsa, kuma ana iya gane shi kafin a kashe ko dala. Abin da ke raba gardama shi ne ƙarar moter, da lafiyar akis, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, da kuma jikin famfon kansa.

Kafin a kai ga maganar kuɗi, a tabbatar daga ina ruwan yake fitowa, don ba kowane yoyo ne na garnitir ba. Kashe famfo, goge shi tas da tsumma, shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa, sannan ka kunna ka durƙusa da tocila. Ruwan da ke tsiyaya daga sama, inda tiyon fita ya shiga jikin famfo, yakan gangaro ya taru a ƙasa ya ruɗi mutum, alhali maganinsa teflon ne ko sabon rakor. Ƴan bushon zubar da ruwa da ke gindin kwando, wato inda famfo ke tare datti, su ma suna da robarsu da ke bushewa. Murfin kwando kuwa halinsa daban ne. Yana ɓangaren tsotsa, don haka idan robarsa ta mutu iska yake sha lokacin da famfo ke aiki: za ka ga kumfa na yawo a ƙarƙashin murfin, wata na fita cikin pisin, kuma sai an kashe famfo ruwa ke tsartuwa ta wurin. Duk waɗannan aikin ƴan mintoci ne, ko moter ba a kwancewa. Yoyon garnitir shi ne mai ɗiga ta ƙasa, tsakanin moter da farantin da ke riƙe da shi, kuma yakan bar farin tabo ko jan tsatsa a ƙafar moter.

Garnitir ɗin nan zobba biyu ne. Ɗaya fari, na tangaran, yana zaune cikin faranti ba ya motsi. Ɗayan baƙi, na karbon, yana juyawa tare da turbin, wato fankar da ke tura ruwa, da resor a bayansa yana danna shi jikin farin. Kamar dutsen niƙa da ɗansa suke, fuska a kan fuska, sai dai su gudun ya kai wajen juyi 2,850 a minti a wutarmu mai 50 Hz. Abin da ke sanyaya su, ya ba su sulɓi, shi ne ruwan pisin ɗin da kansa. Ruwa na yankewa, cikin ƴan mintoci zafi ya tashi, baƙin zoben ya tsage ko ya ƙone, robar da ke riƙe da shi ta taurare.

A garin nan kuwa hanyoyin da ruwa ke yanke wa famfo suna da yawa. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, pisin da ba a rufe ba yana iya rasa kusan santimita ɗaya a yini. A pisin mai mita 8 a 4, lita 320 ke nan rana ta shanye. Kwana kaɗan ba a ƙara ruwa ba, sai ya sauka ƙasa da bakin sikimer, wato kafar da ke jikin pisin inda famfo ke tsotso ruwan sama, famfo ya koma shan iska. Ga ɗaukewar wuta: an ɗauke da yamma, ruwan tiyo ya sulale ya koma pisin saboda famfon yana sama da ruwa, ƙarfe biyun dare wuta ta dawo, moter ya tashi shi kaɗai ba kowa a wurin. A wani gida a Kubiya na tarar da kwandon cikin famfo ya lanƙwashe, ɗan ruwan da ya rage a ciki hannu ba ya iya taɓa shi don zafi. Mai gadi na tsaye a baya, hankalinsa a tashe, yana cewa, "Alhaji, wallahi lafiya lau na bar shi jiya." Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya taɓa nuna masa iyakar da ruwa bai kamata ya sauka ƙasa da ita ba. Sai ƙurar hunturu da rairayin da guguwar farkon damina ke zubawa, waɗanda ke shiga tsakanin zobban su karce su. Sai kuma ɗabi'ar jefa ƙwayar kulor a cikin sikimer, ko ma a kwandon famfo. Ƙwayar nan mai narkewa a hankali tana da tsami sosai, pH ɗinta wajen 3 ne, alhali ruwan pisin 7.2 zuwa 7.6 ake so. Idan wuta ta ɗauke ƙwayar ba ta daina narkewa, kuma ruwan tsamin da ya taru, famfo ne farkon wanda zai sha shi.

To, canza garnitir kaɗai, yaushe ya wadatar? Idan yoyon sabo ne, moter na tafiya da muryarsa ta kullum ba kuka ba gurnani, kuma jikin roba bai tsage ba bai karkace ba. A wannan hali ban ga dalilin sayen sabon famfo ba ko kaɗan. Kuɗin garnitir na kirki ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon famfo irinsa, tiyo ba a yanka shi, wayar wuta sau da yawa ba a taɓa ta, kuma kafin azahar ruwa ya ci gaba da zagayawa. Shawarata, tunda an buɗe, a canza dukan robobin da aka tarar: ta jikin famfo, ta difizer (marufin da ke kewaye da turbin), ta murfi. Robar da ta shekara biyu tana matse cikin zafin nan ba ta komawa wurinta yadda take, kuma abin takaici ne a ɗaure komai sannan ɗigo ya ɓullo ta wani gefe.

Wahalar wannan hanya ba aikin ba ne, samun garnitir ɗin da ya dace ne, kuma a nan kuɗin mutane ya fi tafiya. Famfunan da ke gidajen Yamai daga ƙasashe daban-daban suke. Akwai Hayward da Pentair na Amurka, akwai AstralPool, Espa da Kripsol na Sifen, akwai Emaux da tarin na Sin marasa suna. Na Amurka awonsu inci ne, na Turai milimita. Garnitir mai 5/8 na inci milimita 15.9 ne, a ido ba ka raba shi da mai milimita 16, amma ɗaya zai zauna daram, ɗayan ya riƙa zufa tun ranar farko. Saboda haka kar ka tafi kankaliri da hoto a waya. Ɗauki tsohon gaba ɗaya, fari da baƙi da resor, a auna ramin ciki, da faɗin farin zoben tare da robarsa, da tsawon resor. Idan farantin sunan famfo bai goge ba, rubuta lambarsa. Misali, Super Pump na Hayward garnitir ɗinsa lambarsa SPX1600Z2, kuma da lamba a hannu ko ɗan'uwa mai zuwa daga Faransa, ko ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Lome, zai iya kawo maka ba tare da kuskure ba. Idan ka ga farashi da yuro, lissafin mai sauƙi ne tunda yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi, sai ka ɗora kuɗin dako.

A kasuwa za a nuna maka garnitir na famfon ban ruwan lambu ko na tura ruwa bene, awo ɗaya, kuɗi kaɗan. Yana shiga, yana kuma tsayar da yoyo. Sai dai don ruwan rijiya aka yi shi. Resor ɗinsa sau da yawa ba ƙarfen da ke jure kulor ba ne, robarsa kuma ta talaka ce. Ba na hana shi idan pisin zai lalace kafin na asali ya iso, amma a sa shi da sanin cewa na wucin gadi ne, a kuma yi odar na kirki a ranar. Wanda pisin ɗinsa na gishiri ne, irin mai na'urar da ke fitar da kulor daga gishiri giram 3 zuwa 5 a lita, shi kam ya nemi mai robar Viton. Wanda ruwansa na fora ne mai rairayi, idan ya samu mai fuskar silikon kabaid ya fi jure karce. Araha ba ta ado a wannan wuri, domin garnitir ɗin da ya mutu bayan wata uku ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja rulma, wato zobban ƙarfen da akis ke juyawa a cikinsu, su tafi tare.

Mutum zai iya yi da kansa? Wanda ya saba riƙe kile zai iya, in dai yana da haƙuri. A sauke disjonkter, ba maɓallin famfo kaɗai ba, a rufe bawul na shiga da na fita, a zubar da ruwa. A kwance bulon da suka haɗa moter da jiki, a jawo moter baya, a zare difizer. Sai a riƙe akis ta baya, wajen fanka, a murza turbin hagu da hannu. A nan ake ɓarna ta farko. Wasu turbin suna da ɗan bis a tsakiya wanda zarensa a juye yake, dama ake kwance shi, kuma wanda bai lura ba sai ya sa ƙarfi ya karya. Kar kuma a cusa turnabis cikin fikafikan turbin don a samu madogara, roba ce. Bayan an fitar da tsohon farin zoben ta baya, a wanke mazauninsa har sai yatsa bai ji ƙwayar yashi ko ɗaya ba. Sabon ya shiga da fuskarsa mai sheƙi tana kallon turbin, a danna shi da ɗan kwali mai tsabta har ya zauna daidai ba karkata. Fuskokin nan biyu ba a taɓa su da hannu mai maiƙo, ba a shafa musu giris. Ruwa kaɗai ya isa ya sulɓe robar. Robobin jiki da na murfi kuma man silikon ake shafa musu, ban da basilin da man mota, don suna kumbura roba. Na sha ganin yaron shago ya ajiye sabon garnitir a ƙasa cikin ƙura yana neman kile, shi ya sa nake cewa idan za ka kira makanisiye, nemi wanda ya san famfon pisin, ka kuma tsaya a wurin. Ba raini ba ne, kayanka ne. Kafin a kunna a cika kwando da ruwa fal, a rufe murfi, a buɗe bawul. Ɗigo kaɗan a mintocin farko ba abin tsoro ba ne. Wanda ya ci gaba bayan awa ɗaya, a sake buɗewa.

Hanya ta biyu ta wanda ya yi jinkiri ce. Ɗigon da aka bari makonni yana bin akis ya shiga rulman gaba, ya wanke masa giris. Alamar ita ce kuka mai tsini, ko gurnani da ake ji tun daga bakin ƙofar gida. Bayan an cire turbin, juya akis da yatsu. Mai lafiya yana juyawa sumul, shiru. Idan ka ji yana gurzawa, ko yana girgiza idan ka motsa shi sama da ƙasa, rulma sun tafi, kuma sabon garnitir a kan akis mai rawa ba zai yi wata ɗaya ba. Nan ma ban yarda a yar da famfo ba. Rulman waɗannan motoci yawanci 6202, 6203 ko 6204 ne, lambar na rubuce a gefensu, kuma irinsu ne ke cikin babura da janareto, ana samunsu ko'ina a garin. A nemi mai alamar 2RS, wato rufaffe da roba ta gefe biyu, don ya fi mai murfin ƙarfe tare ƙura da laima. A canza biyun, gaba da baya. Jabun SKF da NSK sun yi yawa a kasuwa, a saya wurin wanda aka sani. Wannan aiki na mai gyaran moter ne da abin zare rulma, ba na guduma da kurfi a tsakar gida ba. Garnitir da robobi da rulma da kuɗin hannu, duka a haɗe, har yanzu suna nesa da kuɗin sabon famfo.

Idan moter na gunaguni bai tashi ba, a duba kondansater tukuna, wato abin da ke taimaka wa moter tashi. Ɗan abu ne mai araha, zafi na kashe shi, kuma mutane da dama sun sayi famfo saboda shi. A sa mai lamba ɗaya da tsohon, a kuma kiyaye, yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Inda nake ja baya shi ne idan wayar cikin moter ta ƙone. Muna da masu bobinaj, wato sake naɗa wayar moter, da suka iya aikinsu, kuma ga babban moter na otel mai volt 380 sake naɗi yana da riba. Amma ƙaramin moter na gida, wanda ruwa ya shiga, rulma sun mutu, ga tsatsa, idan ka haɗa naɗi da sauran kayan sai ka tarar ka doshi rabin kuɗin sabo, kuma moter ɗin da aka sake naɗawa sau da yawa ya fi ɗaukar zafi. A ɗakin famfo na Yamai a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sabon famfo ya zama dole idan jiki ya tsage, ko zafi ya karkatar da mazaunin farin zoben har ba ya zama daidai, ko tsatsa ta ci akis ta yi masa ramuka inda turbin ke ɗaurewa, ko bulon ɗin moter sun ruɓe sun manne. Haka nan idan famfon marar suna ne da ba a samun ko murfinsa. Gam da ake shafa wa tsagaggen jiki ba ya jure matsin ruwa, ɓata lokaci ne. Mai sayen sabo ya karanta farantin moter kafin ya biya: 50 Hz, 220 ga gida, 380 inda akwai layi uku. Wanda aka kawo daga Amurka mai 60 Hz a wutarmu gudunsa raguwa yake yi, ruwan da yake turawa ya ragu, ya kuma yi zafi. Kar a ce tunda za a saya a ƙara doki, wato a ɗauki mai ƙarfin da ya fi tsohon. Matatar yashi mai faɗin milimita 500 wajen mita kubik 10 take ɗauka a awa, mai 600 wajen 14. Famfon da ya fi ƙarfinta tura datti yake yi ta cikin yashin ya dawo pisin, ga cin wuta. A auna tsayin bakin shiga da na fita, don idan sun saɓa da tsohon sai an yanka tiyo an sake haɗi, wannan ma kuɗi ne. Kuma tambayar da ta fi kowacce: mai sayarwa yana da garnitir ɗinsa da kwandonsa a shago yanzu? Idan yana da su, sayi garnitir ɗaya tare da famfon.

Famfo mai sauya gudu yana burge ni a kan takarda. Idan aka rage gudu zuwa rabi, a lissafi wutar da yake ci tana sauka zuwa kashi ɗaya cikin takwas, kuma famfon gida da ke cin wajen kilowat ɗaya awa 10 kullum, kilowat-awa 300 ke nan a wata. Sai dai kansa kati ne na lantarki, mai jin zafi da hawa da saukar wuta, kuma idan ya ƙone ba kowane shago ke taɓa shi ba. Ina ba da shawararsa ga gidan da ke da sola ko regilater na kirki da ɗakin famfo mai shan iska. In ba haka ba, moter na gargajiya da kowa ya san cikinsa ya fi kwanciyar hankali.

Na hannu kuwa, ba na sayensa a matsayin famfo. Wanda ya daɗe a ajiye bushe zobbansa kan manne, robobinsa sun taurare, kuma ba ka san ko an taɓa barinsa ya yi gudu ba ruwa ba. Amfaninsa shi ne idan irin naka ne sak, ka ciri jiki ko turbin ko murfi.

Akwai abu ɗaya da ke iya juya duk wannan lissafi, shi ne lokaci. Masu pisin na bin ƙa'idar raba zafin ruwa biyu don sanin awoyin tacewa: ruwa mai digiri 30, awa 15 a yini. A irin wannan zafi, famfo ya tsaya kwana biyu ko uku ruwa ya fara kore, sai an zuba magani mai yawa, wani lokaci a zubar da ruwan a sake cikawa. Lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta Kwatano suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, jira ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Mai otel ko mai pisin na haya da ke da baƙi a ƙarshen mako, idan garnitir ɗinsa ba ya garin, ya sayi sabon famfo yau, ya gyara tsohon a hankali ya ajiye shi a matsayin na ko-ta-kwana. Mai gida kuwa zai iya sa na wucin gadi, ya kula da kulor, ya jira na asali.

Ko wacce hanya aka bi, a gyara abin da ya kashe na farko. A yi alama a jikin karo daidai tsakiyar bakin sikimer, a nuna wa mai gadi, a ce masa idan ruwa ya sauka ƙasa da nan ya ƙara ruwa kafin ya kunna. Idan famfo yana sama da ruwan pisin, a sa kilape, wato bawul mai barin ruwa wucewa gefe ɗaya kawai, a tiyon tsotsa don kar ruwa ya koma idan wuta ta ɗauke, ko mai wuta ya haɗa shi yadda ba zai tashi da kansa ba sai an danna. Ƙwayar kulor ta koma cikin robarta mai yawo a kan ruwa. Ɗakin famfon da ke cikin rami, a ɗaga famfon a kan dakali kafin watan Agusta, a tabbatar akwai disjonkter mai 30 mA da wayar ƙasa, don wurin ruwa ne da wuta, kuma yara na shiga da ƙafa a jiƙe. Garnitir ɗin ajiya kuma a bar shi cikin ledarsa a ɗaki mai sanyi, ban da ɗakin famfo, inda zafi da tururin kulor ke busar da roba tun ba a yi amfani da ita ba.